Kafin Mu Sakar wa Inji Rubutun Bidiyonmu

 

Duk wanda ke zauren nan ya ga tallar da ake yi mana. Mai ɗaukar hoto ya jefa bidiyo cikin Google Drive, shi ke nan aiki ya tashi da kansa: a kai sautin wurin injin da ke mayar da magana rubutu, ya fito da fayil ɗin SRT mai ɗauke da kowace jimla da daƙiƙar da za ta bayyana a ƙasan hoto, a manna, a loda a YouTube da Facebook, a tura sanarwa ga masu bibiya. Zapier ke haɗa irin wannan tun 2012, Make da a da ake kira Integromat ma haka, ga n8n da ta fito daga Jamus a 2019. Ba sai ka iya kodin ba, jan akwati ne ka haɗa da wani akwati. Ni ban da ja da wannan, kuma ina koya wa ɗalibaina shi.

Jayayyata da waɗanda suke cewa a biya kuɗin manhajar a sallami masu rubutawa ce, kuma sun san kansu, wasunsu suna zaune a layin gaba. Lodawa da aikawa da sanarwa duk ba ruwansu da harshen da aka yi magana da shi. Mahaɗa ɗaya ce tak a cikin sarƙar take buƙatar jin Hausa, wato injin da ke tsakiya, kuma ita ce mafi rauni.

Bari in kawo lissafin da na sha kawowa, ko da zai gundure ku. A watan Satumba na 2022 kamfanin OpenAI ya saki Whisper, injin da yawancin manhajojin rubutun bidiyo suke jingina da shi ko da irinsa. An horar da shi da sauti na awa 680,000. A ciki, kimanin awa 438,000 Turanci ne zalla. Wajen awa 125,000 magana ce a wasu harsuna da aka haɗa da fassarar Turanci. Abin da ya rage, awa 117,000, shi ne aka raba wa harsuna sama da 90, kuma rabon ba na adalci ba ne, manyan harsunan Turai da Asiya suka kwashe kaso mafi tsoka. Hausa tana cikin jerin, ba shakka. Amma da kamfanin ya zo fitar da sunayen harsunan da yake iya bugun ƙirji da su, sai ya sa sharaɗi: kuskure kada ya kai kalma 50 cikin 100. Swahili ta tsallake. Harshen Wales ya tsallake, na Maori ya tsallake, har na Aisland, ƙasar da mutanenta ba su kai rabin miliyan ba. Hausa, mai masu magana miliyoyi daga Kano zuwa Agadas zuwa zangon Kumasi, ba ta shiga ba. Ku lura da sauƙin sharaɗin: ko ka ɓata kusan rabin abin da aka faɗa, ka ci jarrabawa. A wannan jarrabawar muka faɗi.

Wuri mafi muhimmanci a takardar da masu binciken Whisper suka wallafa shi ne inda suka gwada yawan sautin kowane harshe da yawan kuskurensa. Sun gano cewa kafin kuskure ya ragu da rabi, sai an ninka sautin horarwa sau 16. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce wani harshe yana da awa 100. Sai ya kai awa 1,600 kuskurensa zai rabu biyu, sai kuma ya kai 25,600 ya sake rabuwa. Wannan ba abin da sabon rajista a Zapier zai gyara ba ne. Injin yana koyo ne daga sauti da aka haɗa da rubutunsa daidai, kuma irin wannan na Hausa ƙalilan ne a intanet.

Za a ce ai Meta ta fitar da nata a 2023 mai harsuna sama da 1,100. Gaskiya ne, kuma sun faɗa da bakinsu cewa akasarin sautin karatun littattafan addini ne, irin su Sabon Alkawari. Common Voice na Mozilla ma jimloli ake karantawa. Mai karatu a ɗaki shiru daban, mai kiran waya a shirin siyasa na dare daban. Bidiyonmu cike yake da ƙarar janareta, da malami mai tsallakawa daga Hausa zuwa Larabci, da matashin Kaduna mai Ingausa, da ɗan Maraɗi mai sako Faransanci, da Basakkwace da karinsa.

Yanzu ku dubi abin da zai iya faruwa. Ma'aikaciyar lafiya a bidiyon wayar da kai ta ce, kada a ba jariri ruwa kafin ya cika wata shida. Babur ya wuce daidai lokacin da ta ce “kada”, injin bai kama ba. Rubutun ya fito tsaf, babu kuskuren nahawu ko ɗaya: a ba jariri ruwa kafin ya cika wata shida. Sarƙar ba ta tsaya tambaya ba, domin ba a gina ta don ta tsaya ba. Kafin asuba saƙon ya hau dandali uku. Mai ji zai ji muryar ya gane. Kurma fa? Rubutun nan shi ne duk abin da ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 430 ne ke fama da raunin ji mai tsanani, kuma a Nijeriya an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya tun Janairun 2019. Ba na jin manna musu rubutun da ba wanda ya duba ya sauke wannan nauyin. An kuma sha ba da rahoton cewa irin waɗannan injuna kan ƙirƙiro jimlar da ba wanda ya faɗa idan sauti ya yi shiru.

Masu cewa fasahar tana gudu, nan da shekara biyu za ta gyaru, amsata gajeriya ce: da sautin wa za ta gyaru? Masu cewa albashin edita ya yi tsada kuwa su tuna cewa waɗannan manhajoji da dala ake biyansu, gwargwadon yawan ayyukan da suka gudanar, kuma kowa ya san yadda darajar naira ta faɗi tun Yunin 2023.

Abin da nake nema ba sabo ba ne. A sa ƙofa a tsakiyar sarƙar. Injin ya yi daftari, aikin ya tsaya a layi ɗaya na Google Sheets, kada komai ya wuce zuwa wallafa sai wani mutum mai suna ya saurara, ya gyara, ya rubuta “an duba” a gurbinsa. Duk manhajojin nan suna da matatar da ke yin wannan, aikin minti goma ne saita ta. Mai dubawar ne kuma zai tabbatar ƙ da ɗ da ɓ sun fita da lanƙwasarsu, ba su rikiɗe sun zama alamar tambaya ba.

Sannan kada a zubar da gyaran. Duk fayil ɗin da edita ya gyara, idan aka adana shi tare da sautinsa, ya zama irin abin da lissafin ninki 16 yake nema. Sarƙar da kanta za ta iya ajiye su, mataki ɗaya ne za a ƙara. Na fi son a ɗora n8n a kan kwamfutar ma'aikata, don kayan su zauna a hannunmu, mu kuma yanke sharaɗin da wani kamfani zai cika kafin ya taɓa su.

Ga kuma taskar da muke zaune a kanta. Rediyon Kaduna yana watsa shiri da Hausa tun 1962, Freedom Radio tun 2003, Arewa24 tun 2014, ban da gidajen jihohi da na Nijar. Mai karanta labarai daga takarda yake karantawa, wato kullum ana samar da sauti da rubutunsa a tare. Ina takardun suke zuwa bayan an tashi daga shiri? Sassan nazarin Hausa na jami'o'in Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo suna yaye ɗaliban da suka san ƙa'idar rubutu, da yawansu suna neman aiki. A ɗauke su, a biya su da awa, su daidaita sautin da rubutun. Shugabannin gidajen watsa labarai da ke nan, ina roƙon a ware wa wannan layi nasa a kasafin baɗi, kusa da layin kuɗin manhajar, kuma kada ya gaza shi.