Daga Masaƙa Zuwa Mota: Tarihin Kamfanin Toyota da Abin da Masu Motocinsa Suka Gani



Da wuya a sami tashar mota a ƙasar Hausa, tun daga Kano har Agadas, wadda za a shiga ba a tarar da Toyota tana lodi ba. Ma'aikaci kuwa in ya karɓi rancen mota, shawarar da abokan aiki suka fi ba shi ita ce ya nemi Toyota, wai ba ta ba da wahala. Wannan lacca za ta bi diddigin wannan shaida da jama'a suka yi wa kamfanin, a ga inda ta samo asali, da abin da ya auku a lokacin da kamfanin ya yi sakaci da ita.

Asalin kamfanin

Tarihin Toyota a ɗakin saƙa ya faro. An haifi Sakichi Toyoda a shekarar 1867 a yankin Shizuoka na ƙasar Japan. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuwa saƙar hannu take yi. Ya taso yana ganin wahalar da mata ke sha a gaban masaƙa, saboda haka ya ƙare rayuwarsa wajen ƙirƙiro masaƙar da za ta sauƙaƙa aikin. A shekarar 1924 ya kammala wata masaƙa mai sarrafa kanta, wadda ke canja ƙoshiya ba tare da ta tsaya ba. Akwai kuma wata dabara da ya sa wa masaƙunsa, wadda ita ce ginshiƙin wannan lacca: da zarar zare ɗaya ya tsinke, sai injin ya tsaya cak da kansa. Kafin wannan, injin kan ci gaba da saƙa ne da tsinkakken zare, sai an gama a tarar da yadi mai yawa ya lalace. Da sabuwar dabarar, aibi kan bayyana nan take, a gyara shi kafin ya yi nisa, mutum ɗaya kuma ya iya lura da masaƙa da yawa.

Ingancin masaƙar ya kai har kamfanin Platt Brothers na garin Oldham a Ingila, wanda ya yi fice a duniya wajen ƙera injunan saƙa, ya sayi izinin ƙera ta a shekarar 1929 a kan fam 100,000. Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro, wanda ya karanta aikin injiniya a Jami'ar Tokyo, ya riga ya zaga Amurka da Ingila, ya kuwa dawo da niyyar ƙera mota. A zamanin nan kamfanonin Amurka biyu, Ford da General Motors, su ke harhaɗa yawancin motocin da ke bin titunan Japan. A 1933 Kiichiro ya buɗe sashen motoci a cikin kamfanin masaƙa, ya sayo Chevrolet, shi da mutanensa suka wargaza ta ƙusa-ƙusa don su ga yadda aka yi ta. A 1935 suka fitar da babbar motar ɗaukar kaya mai suna G1, a 1936 ƙaramar mota mai suna AA, a 1937 kuma aka kafa kamfanin motoci mai zaman kansa. An sauya sunan daga Toyoda zuwa Toyota, garin Koromo da aka gina masana'antar a cikinsa kuwa ya koma amsa sunan Toyota a 1959.

Waɗanda suka fara sayen G1 ba su ji daɗinta ba, domin yawan lalacewa take yi a hanya. Abin da ya hana su guje wa kamfanin shi ne, in mota ta mutu a hanya akan tura makanikai har inda take, wani lokaci ma Kiichiro kansa kan je ya shiga ƙarƙashinta ya ga abin da ya karye, a koma masana'anta a gyara ƙirar.

Shekarar wuya da tsarin da ta haifar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tattalin arzikin Japan ya durƙushe. A 1950 kamfanin ya kai bakin rushewa. Bankuna suka yarda su ba da rance bisa sharaɗin a raba sashen sayarwa da na ƙira, a kuma rage ma'aikata. Aka yi yajin aiki na kimanin wata biyu, mutum fiye da 2,000 suka bar aiki, Kiichiro kuma ya ɗauki alhakin abin da ya faru ya sauka daga shugabanci. Ya rasu a 1952. Abin da ya ceci kamfanin shi ne Yaƙin Koriya, wanda ya ɓarke a watan Yuni na 1950, domin sojojin Amurka sun yi odar manyan motoci masu yawa.

A wannan shekara ce ɗan'uwansa Eiji Toyoda ya ziyarci masana'antar Ford da ke kusa da Detroit. Ya tarar ana fitar da dubban motoci a rana guda, alhali Toyota 'yan gomomi take yi. Ya gane cewa kamfanin da ba shi da kuɗi ba zai iya tara kaya jibgi a sito kamar Ford ba, ba zai kuma iya ɗaukar asarar gyara mota bayan an gama haɗa ta ba. Shi da wani injiniya mai suna Taiichi Ohno, wanda shi ma daga sashen zare da saƙa ya fito, suka gina tsarin aiki bisa ƙa'idoji biyu. Ta farko, kada a ƙera wani abu sai sashen da ke gaba ya nemi shi, a lokacin da yake bukata, gwargwadon yadda yake bukata. Ta biyu ita ce dabarar nan ta masaƙa, aka maido ta kan mutane. An rataya igiya a bisa layin haɗa motoci, aka ba kowane ma'aikaci, komai ƙanƙantar muƙaminsa, ikon jan ta in ya ga aibi. In ya ja, shugaban sashe ya zo da sauri, in ba a shawo kan matsalar nan da nan ba layin ya tsaya.

Ohno ya kuma koya wa mutanensa su tambayi "don me" har sau biyar kafin su ce sun gano dalilin matsala. Ga misali daga motar ofis. Mota ta yi zafi ta tsaya a hanya. Don me? Ruwan lagireto ya ƙare. Don me? Tiyo ya tsage. Don me? Ya tsufa ba a canja shi ba. Don me? Ba wanda ya duba shi. Don me? Ofishin ba shi da littafin da ake rubuta ranar duba motoci. Wanda ya tsaya a tambayar farko ruwa kawai zai zuba, motar kuwa za ta sake tsayawa gobe.

Shaidar masu motoci

Tsarin bai hana kamfanin tuntuɓe ba. A 1958 ya kai motarsa Crown kasuwar Amurka, ya sayar da guda 287 kacal a wannan shekara. An ƙera ta ne don titunan Japan marasa kyau inda ba a gudu, saboda haka da ta hau manyan titunan Amurka sai ta riƙa zafi tana karkarwa, ƙarfinta kuma bai kai ba. Kafin ƙarshen 1961 an janye ta. Injiniyoyi suka bi koke-koken masu ita ɗaya bayan ɗaya, suka komo a 1965 da Corona, wadda ta sami karɓuwa. A 1966 Corolla ta fito, a 1967 Hiace, a 1968 Hilux. Da farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, jama'a a ƙasashe da dama suka koma neman ƙananan motoci marasa shan mai. Ya zuwa 2021 an sayar da Corolla fiye da miliyan 50.

Wasu kan ce wannan inganci halin Japanawa ne, ba kowa zai iya ba. Abin da ya faru a garin Fremont na jihar Kalifoniya ya ƙaryata haka. General Motors ya rufe wata masana'antarsa a can a 1982, wadda ta yi ƙaurin suna wajen fashin aiki da fitar da motoci masu aibi. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka maido da yawancin tsofaffin ma'aikatan, aka koya musu tsarin, aka rataya musu igiya. Cikin ɗan lokaci motocin da suke fitarwa suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors.

A 1989, 'yan watanni bayan fitowar Lexus, motar alfarma ta kamfanin, aka sami koke kaɗan daga masu ita a Amurka. Nan da nan aka kira dukkan kimanin 8,000 da aka sayar. Dillalai suka bi mutane har gida suka ɗauko motocin, suka gyara, suka wanke, suka cika tanki da mai, suka mayar. Maimakon sunan motar ya ɓaci, sai ya ƙara ɗaukaka. Haka kuma a 2016 wani direba a jihar Luwiziyana ya cika mil miliyan ɗaya, wato wajen kilomita miliyan 1.6, da akori-kurarsa ƙirar Tundra cikin shekara tara. Kamfanin ya ba shi sabuwa, ya karɓi tsohuwar ya wargaza don ya ga abin da ya ci da abin da ya jure.

A wannan yanki na Afirka shaidar ta zo ta wata hanya. A 1987 sojojin Chadi bisa ƙananan akori-kura na Toyota suka fatattaki rundunar Libiya mai tankokin yaƙi a Fada da Wadi Dum, har aka riƙa kiran wannan karo Yaƙin Toyota. Direbobin da ke ratsa hamada daga Agadas sun daɗe da dogara ga Land Cruiser da Hilux, domin inji ne mai sauƙin sha'ani da za a iya gyarawa a tsakiyar rairayi. A Nijeriya, Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975 ita ce motar ma'aikacin gwamnati shekara da shekaru. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sabuwar mota ta gagari mai albashi, sai aka koma ga motocin gwanjo da ake shigowa da su ta Kwatano. A nan Toyota ta yi zarra, saboda mota ce da takan iso da tsufanta ta kuma ci gaba da aiki, kayan gyaranta suna ko'ina, kowane bakanike ya san cikinta, in an tashi sayarwa kuma ba ta faɗuwa warwas.

Ranar da ba a ja igiya ba

A 2008 Toyota ya wuce General Motors ya zama kamfanin da ya fi kowane sayar da motoci a duniya. A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diyego, wani ɗan sandan hanya da matarsa da 'yarsa da surukinsa suka mutu a cikin Lexus da wani dillali ya ba su aro. An shimfiɗa mata tabarmar ƙafa wadda ba tata ba, tabarmar ta danne totur, motar ta yi ta gudu har ta yi karo. Bincike ya nuna cewa koke-koke irin wannan sun daɗe suna zuwa, akwai kuma wata matsala dabam ta totur mai maƙalewa, amma kamfanin ya yi ta jan ƙafa. Daga bisani ya kira motoci fiye da miliyan 8 a duniya. A watan Fabrairu na 2010 Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya tsaya gaban Majalisar Dokokin Amurka ya nemi gafara, ya amsa cewa kamfanin ya bunƙasa da gaggawar da ta sa aka daina sauraron masu motoci yadda aka saba. Binciken gwamnati na 2011 bai sami aibi a na'urorin lantarki na motocin ba, amma a 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2, ya kuma amsa cewa ya ɓoye wa jama'a abin da ya sani. Hausawa sun ce barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Kammalawa

Akwai abin ɗauka a nan ga mai mota. Sunan kamfani ba ya juye baƙin mai, ba ya canja burki. Wanda ya ji baƙon ƙara a inji ya ƙaro sautin rediyo, ko ya sayi jabun kayan gyara don araha, shi ma ya bar injin yana saƙa da tsinkakken zare. Mai sayen motar gwanjo kuma ya kamata ya bincika da lambar jikinta ko tana cikin waɗanda aka taɓa kira don gyara, ko an kuwa yi gyaran.

Akwai kuma abin ɗauka ga ma'aikata da ɗaliban da za su gaje su. A ofisoshi da yawa ƙaramin akawu ko direba ko masinja shi ke fara ganin kuskure, amma tsoron fushin na sama kan sa ya yi shiru, fayil ya ci gaba da tafiya da aibinsa har ya zama asarar dukiyar jama'a. Ya kamata kowane shugaban sashe ya tambayi kansa ko na ƙasa da shi zai iya tsai da aiki in ya ga ɓarna, da kuma irin tarbar da zai samu in ya yi haka.