Ruwa Ya Riga Labari Isa Ƙauye: Lacca a Woolwich

 

Duk wanda ya bi bakin Kogin Thames daga nan Woolwich ya nufi Charlton zai ga shingen ƙarfen nan da ya ratsa kogin, tsawonsa mita 520, da ƙofofi 10 da ake rufewa idan teku ta tumbatsa. An kammala shi a 1982, Sarauniya Elizabeth ta buɗe shi a 1984. A hunturun 2013 zuwa 2014 kaɗai, sau 50 aka rufe shi. Albarkacinsa tsakiyar Landan ke barci da minshari.

Sai dai ba 'yan birni ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu a bala'in da ya sa aka gina shi ba. Ranar Asabar 31 ga Janairu 1953, guguwa ta koro ruwan Tekun Arewa daidai lokacin cikarta. Da yamma ya fasa gaɓar Lincolnshire, ya gangara Norfolk da Suffolk, bai isa tsibirin Canvey a Essex ba sai bayan tsakar dare. Ku dubi tazarar nan. Sa'o'i ne masu yawa, amma garin da ruwa ya ci bai iya sanar da na gabansa ba: wayoyi sun tsinke, ofisoshi a kulle. Mutanen Canvey da yawa a ƙananan gidaje marasa bene suke, ruwa mai ƙanƙara ya same su a kan gado cikin duhu, wasu suka kwana bisa rufin gida da kayan barci. An rasa rai 58 a can, 37 a Jaywick, 307 a Ingila baki ɗaya. Gishirin teku kuma ya kashe gonaki na shekaru.

Bayan wannan ne aka kafa tsarin gargaɗin ambaliyar teku, kuma a ganina shi ya fi shingen amfani ga mutumin karkara. Gwamnati kan auna darajar dukiyar da za ta kare kafin ta saki kuɗi, a irin wannan ma'auni kuwa ƙauye ba ya rinjayar birni. A 2014 ruwa ya yanke ƙauyen Muchelney na Somerset makonni, sai da kwalekwale ake shigarsa, alhali manoma sun daɗe suna kukan a yashe kogunan Parrett da Tone.

Wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san wannan kukan. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, ta yi tsayin da ya fi mutum, ruwa ya rasa mafita sai gonakin shinkafa da gidajen ƙasa na Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma. Ginin ƙasa kuwa daga gindi yake jiƙa. Kana ganinsa tsaye da magariba, kafin asuba ya zauna. Hukumar NIHSA na fitar da hasashen ambaliya duk shekara, amma da Turanci ake karanta shi a Abuja, kuma abin yana damuna ƙwarai. A Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, cikin dare ruwa ya iske mutanen Maiduguri. Idan babban birnin jiha ke nan, ina ga rugar da ba ta da hanyar mota?

Ba mu da kuɗin shinge irin na Thames, ba kuma shi Haɗeja ke buƙata ba. Ruwan da ya baro madatsun Tiga da Challawa yana ɗaukar kwanaki kafin ya isa can, kwanakin nan kuwa sun isa a kwashe hatsi daga rumbu, a kora dabbobi tudu, a fitar da tsofaffi da ƙananan yara. Abin da ya rage shi ne labari ya tashi daga ma'aikacin madatsa zuwa hakimi da dagaci, ya shiga rediyo da Hausa da Fulatanci, ya fito ta lasifikar masallaci.

Ƙungiyoyinmu na nan Birtaniya suna tara gudunmawa bayan ruwa ya yi ɓarna, Allah ya saka da alheri. Roƙona shi ne mu fara tun watan Mayu: kowace ƙungiya ta zaɓi gari ɗaya, ta sa a yi gayyar yanke kacala da yashe magudanai, ta kuma tabbatar lambar wayar mai unguwa tana hannun masu lura da kogi.