"Ya mai jiki?" To ita mai jinyar fa, wa ya tambaye ta?

Yau 1 ga Oktoba, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa tsofaffi tun 1990. Amma ku yi mini haƙuri, ni kan wadda ke zaune gefen tabarmar tsoho zan yi magana.

Ni ɗan nan Attantane ne. Damanar 2022 Baba ya faɗi a gona, aka ɗauko shi bisa amalanke. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki. Lokacin ina Maradi, na gama Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina yawon taro ina koya wa mutane haƙƙinsu. Ƙarshen wata in aiko jaka goma, in kira yayata in ce "ya mai jiki?", ta ce "da sauƙi", in kashe waya raina kwance.

Bayan wata takwas na zo gida, na iske Yaya ta rame kamar ita ce marar lafiyar. Ita ke juya shi, ta wanke shi, ta dama masa hura, ta je rijiya, ta yi daka. Da dare ko ya yi tari sai ta tashi. Na ce ta huta, zan karɓe ta. Wallahi kwana huɗu na yi. A dare na huɗu Baba ya ɓata shimfiɗa karo na biyu, na daka masa tsawa. Ya dube ni, bakinsa ba ya iya magana, hawaye na zuba. Na fita bayan gida na yi kuka. Da safe na faɗa wa Yaya, sai ta ce: "Ni ma na sha yi, kunya ta hana ni faɗi."

Jama'a, wannan kunyar ce ke cinye mutane a ɗaki. Mun taso an koya mana jinyar iyaye lada ce, kuma haka ne. Amma jiki da jini ne. Wanda ya yi watanni ba ya samun barcin kirki, ransa zai riƙa ɓaci, ya yi mantuwa, abinci ya fita kansa, wani ma nasa jinin ya hau. Wannan gajiya ce, kuma gajiya tana da magani. Ga abin da muka yi a gidanmu.

Na farko, mun zauna mun raba kwana. Mu biyar ne. Wanda ke Libiya da wanda ke Kano kuɗin magani ke kansu, da rana tsayayya, ba sai an roƙa ba. Mu uku da ke kusa muka raba dare. Wankan Baba ya dawo hannun maza, shi ma ya fi sakewa.

Na biyu, mun koyi aikin. Ma'aikacin lafiya ya nuna mana a juya marar lafiya duk awa 2 don kada gyambo ya fito masa a baya da ƙugu, a zaunar da shi kafin a ba shi abinci don kada ya shaƙe, a rage gishiri da magi, kuma kada a tsaida maganin hawan jini don an ga sauƙi. Rabin tsoronmu rashin sani ne.

Na uku, Yaya ta samu ranarta. Duk sati tana da wuni guda: ta je kitso, ta je suna, ko ta rufe ɗaki ta yi barci. Ba mai ce mata komai.

Na huɗu, mun daina cewa "ba komai". Maƙwabci ya ce "me za a yi?", sai mu ce jarka biyu ta ruwa, ko ka zauna da shi daga azahar zuwa la'asar.

Sai dai wannan ya fi ƙarfin gida ɗaya. Tun 2006 Nijar ta sa kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, a Satumbar 2024 kuma an rage rabin kuɗin jinya a asibitocin gwamnati. Mun yaba. Amma ciwon tsufa ba ya ƙarewa da takardar magani ɗaya, ga kuɗin mota zuwa Mayahi ko Tasawa ko Maradi, duk bisa wuyan manomin gero. Muna roƙon hukumomin kwaminarmu su sa ranar awon jini a ƙauyuka, a kama ciwon kafin ya kada mutum.

Iyayena Mata Masu Dubara, a wannan jiha tamu ta Maradi aka fara tsarinku a 1991, har wasu ƙasashen Afirka suka kwaikwaya. Ku dubi asusunku na taimako, ku sa mai jinya a ciki, ko da sabulu ne da tiyar gero. Malamanmu, in kun yi wa'azin biyayya ga iyaye, ku faɗa wa maza da su ake. Matasa ƴan fada, mun iya gayyar noma; gonar da mai ita ke jinya ta fi kowace cancantar gayya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa da namu duka. Na nemi gafararsa, ya riƙe hannuna da hannunsa mai lafiya. Yaya kuma har yanzu tana shan maganin hawan jini, abin da ba ta da shi kafin 2022.

Don haka in kun tashi daga nan, kowa ya san gidan da ake jinya a unguwarsu. Ka shiga, ka gaida mai jiki, sannan ka juya ga mai jinyar ka ce: "Ke fa, yaushe rabonki da barci?" In ta ce ba komai, ka zauna, ka ce ta je ta kwanta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.