Siririyar waya da batirin sola



Ruwan Korama na shayar da lambu, amma ba ya juya injin lantarki. Wutar ruwa sai madatsar Kandaji a Tillaberi, wadda ake sa ran za ta ba da megawat 130. Mu nan Dogo rana muka dogara gare ta, musamman tun Agustan 2023 da Najeriya ta katse wa Nijar wuta.

To, sola ta shigo, sakaci ma ya biyo ta. Shekaranjiya na leƙa rumfar wani mai cajin salula, na ga batiri ƙarƙashin benci, an ɗaure mahaɗin waya da leda baƙa. Na taɓa wayar, zafi zau!

Wai ai bolt 12 ne, ba ya kisa. Gaskiya ne, da wuya ya ja mutum, amma yana tada gobara. Kayan wat 120 a batirin nan amfiya 10 suke ja, a wutar kamfanin lantarki na NIGELEC kuwa rabin amfiya da ɗan ɗoriya. Siririyar waya ina za ta iya?

Batirin ruwa kuma yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji. Don Allah a fitar da shi daga ɗakin kwana, a sa waya mai kauri, a ɗaura fiyus dab da kansa.