Fashewar Iskar Gas da Lissafin Kwamfuta: Ina Iyakar Gaskiyarsa?



Hausa ta bambanta ƙonewa da fashewa, kimiyya kuwa ta gaskata wannan bambanci. Idan gas ɗin methane ya gauraya da iska aka kunna masa wuta, harshen wutar ba ya cin ko rabin mita a daƙiƙa. Amma idan ƙonewa ta rikiɗe ta zama fashewa, sai wata igiyar matsi ta shige gaba tana danne gas ɗin har ya kama da kansa, wutar kuma tana ingiza igiyar daga baya. A nan gudun yakan kai kimanin mita 1,800 a daƙiƙa, wato ninki biyar na gudun sauti.

Chapman na Ingila a 1899 da Jouguet na Faransa a 1905 su ne suka fitar da ƙa'idar lissafin wannan gudu. Daga 1940 zuwa 1943 Zeldovich da von Neumann da Döring suka bayyana cewa tsakanin igiyar da wutar akwai wani siririn tsagi inda sinadarai ke haɗuwa, wanda a wasu gas ɗin bai kai milimita ɗaya ba. Kuskuren lissafi daga wannan tsagi yake farawa.

Kwamfuta takan yayyanka fili ƙananan gidaje, ta lissafa zafi da matsi a kowane gida. Mutumin Rurum Sabon Gari da ya saba ganin masunta a madatsar ruwa ta Tiga ya san cewa taru mai manyan idanu ba ya kama ƙananan kifi. Haka gidajen nan suke. In sun fi tsagin faɗi, sai tsagin ya sulale, lissafi ya ƙone gas tun igiyar ba ta iso ba. A 1986 Colella da Majda da Roytburd sun nuna cewa irin wannan lissafi yana ba da gudu na ƙarya, alhali zanensa ya fito tsaf ba alamar aibi.

Wani kuskuren kuwa daga abin da aka manta ne. A ma'ajiyar man fetur ta Buncefield a Ingila, ranar 11 ga Disamba 2005, ƙarfin fashewa ya zarce abin da masana suka zata, bincike kuma ya nuna cewa itatuwan gefen hanya sun taimaka wajen ƙara wa wutar gudu.

Al'amarin ya shafi Kano, domin a 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun gas mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano. Tazarar da za a bari tsakanin irin waɗannan wurare da gidajen jama'a, lissafi ne ke yanke ta. Saboda haka ya wajaba ma'aikacin da aka kawo wa rahoto ya sa hannu ya tambaya: shin an ƙanƙanta gidajen lissafin an sake, amsar ba ta sauya ba? Shin an gwada amsar da fashewa ta gaske a ɗakin gwaji? Hausawa sun ce gani ya kori ji. In ba a amsa waɗannan ba, ya dakata da alƙalaminsa.