Ihu Ko Waƙa? Kiɗan Metalcore Da Waƙoƙin Mazanmu



Akwai wani irin kiɗa da ya taso a Amurka wajen ƙarshen shekarun 1980, ana ce da shi metalcore. Wanda bai saba jin sa ba sai ya zaci faɗa ake yi, amma in muka kasa kunne za mu tarar yana da tsari. Alal misali, mu ɗauki waƙar "The End of Heartache" ta ƙungiyar Killswitch Engage, wadda ta fito a 2004. Jita tana gurnani, ganguna suna zuba kamar ƙanƙara a kan rufin kwano, mawaƙin ya kwarma ihu, sa'an nan ya sauko ya rera amshi da tattausar murya. A irin wannan kiɗa akwai gaɓar da akan rage sauri a ƙara nauyi, samari su faɗa fili suna bangazar juna.

To, mu da muka tashi cikin ganuwar Kano, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Wa bai ga 'yan tauri ranar hawan salla ba, ganga ta juya, mutum ya yi kirari ya zabura yana goga wuƙa a jikinsa? Haka Kassu Zurmi ya riƙa zuga su, haka Ɗan Anace ya riƙa zuga Shago a fagen dambe. Su ne manazarta ke kira waƙoƙin maza.

Bambancin yana ga abin da ake faɗa. Makaɗin maza cewa yake yi gwaninsa bai san tsoro ba, ƙarfe ba ya cin sa. Shi kuwa wancan, duk ihun nan kewa ce yake faɗa: rabuwa, da begen wanda ya yi nisa, da jiran ranar da zuciya za ta huce. Watau ya ari muryar jarumi ya bayyana rauninsa.

Mu kuwa mun koya wa yaro namiji ba ya kuka, sai dai ya yi ta maza. Saurayin da ya gama makaranta bai sami aiki ba, ina zai kai ƙuncinsa? Mun ga inda wasu suka kai shi: daba a lungunan unguwanninmu.

Ba cewa muke a ajiye kalangu a ɗauki jita ba. Roƙonmu ga mawaƙan da ke cikinmu shi ne su sama wa wannan saurayi waƙa mai amon ta maza, wadda zai faɗi ciwonsa a ciki ba tare da kunya ba.