An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Jawabin Kwamiti a Walimar Masu Hidimar Wasan Kiɗa

Dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa da samarinmu na Sabo, barkanmu da war haka, barkanmu kuma da gajiya.

An ce mu yi jawabin godiya a madadin kwamitin shirya wasa. To, godiya tana nan tafe, amma akwai bashi a wuyanmu, kuma kowane ɗan kasuwa ya san ba a lissafin riba sai an fid da bashi.

Kowa ya ga abin da ya faru daren wasa. Fili ya cika maƙil, makaɗan kalangu sun ɗau zafi, 'yan amshi suna karɓa, masu liƙi sun fara fitowa, sai ɗif, janareta ya mutu. Me muka yi mu manya? Muka yi caa a kan yaron da ke kula da wayoyi da lasifika. Yaron da ya yi kwana uku bai kasa kayansa a kasuwa ba, yana hawa tsani yana sauka, ba a ba shi ko sisi ba. Wani ya ce masa sakarai, wani har ya ambaci ubansa, a gaban ƙannensa. Bai ce uffan ba.

Alhali kuwa tun da la'asar mun san gaskiya. An ba da kuɗin mai jarka huɗu, biyu suka iso. Wanda aka damƙa wa kuɗin babba ne a cikinmu. Wasu a nan ta hannunsa suka sami shago, wasu surukinsu ne. Muka dubi jarkoki, muka dubi juna, kowa ya ce a ransa wani zai yi magana. Ba wanda ya yi. Haushin nan muka haɗiye tun la'asar, shi muka amayar wa yaro da dare. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin bai tsaya nan ba. Abokan yaron suka hasala, su ma ba su iya tunkarar mu ba, sai suka nufi mai janareta, maƙwabcinmu Bayarabe, suka ci kwalarsa wai ya kawo mana ruɓaɓɓen inji. Ba don wata daga cikin iyayenmu mata ta bar tukunya ta shiga tsakani ba, Allah kaɗai ya san inda za mu kwana. Jama'a, mu da muke zaune a Badun ba sai an ba mu labari ba. A Fabrairun 2021 da idonmu muka ga kasuwar Shasha: 'yar cacar baki tsakanin ɗan dako da mai shago ta zama gobara, aka rasa rayuka da dukiya, har gwamnati ta rufe kasuwar. Tun 1916 aka kafa unguwar nan, kakanninmu fataken goro da shanu suka riƙe ta da iya zama da mutane. Kunyar mutum ɗaya ba ta isa mu yi cacar wannan gado ba.

Washegari bayan magariba mu uku muka sami dattijon a zaurensa. Da izininsa muke faɗar wannan. Ya ce wata larura ce ta taso, ya taɓa kuɗin da niyyar cikawa kafin dare, hidima ta ɗauke masa hankali. Sai ya ce, "Me ya hana ku gaya mini tun da rana? Ai da na aika an sayo." Nan take ya mayar. Maganar da muka yi ta gudu ba ta kai minti goma ba.

Don haka mu daina kiran tsoro haƙuri. Haƙuri shi ne ka faɗa wa mutum gaskiya cikin ladabi, a ɓoye, ka yafe. Wanda ya yi shiru gaban babba ya je ya huce kan yaron shago ko matar gida, bai yi haƙuri ba, bashin ya mayar kan wani. Gyara kayanka kuwa ba ya zama sauke mu raba.

Kwamiti ya yanke shawara uku. Daga yanzu mutum biyu za su riƙa sayayya, su kawo rasit. Mai ƙorafi ya faɗa a zaman kwamiti, gaban wanda abin ya shafa. Sannan kada babba ya ƙara tsawata wa ɗan sa-kai a bainar jama'a.

Ɗanmu mai wayoyi, a gaban jama'a muka ci mutuncinka, a gaban jama'a muke roƙon ka yafe mana. Maƙwabcinmu ma mun je mun ba shi haƙuri, ga shi can zaune tare da mu, mun gode da ya amsa gayyata.

Yanzu sai godiya. Masu ɗaukar benci, masu kafa rumfa, masu tsaron ƙofa, masu shara da asuba, da iyayenmu da suka sha hayaƙi, sannunku. Saboda ku yaran da aka haifa a nan suka ji kalangu da kunnensu, ba a waya ba. Ga dafa-duka, ga tsire, ga zoɓo. Yau manya ne za su raba, samari ku zauna a kawo muku. Makaɗa bismillah, mai yana nan jarka huɗu cif, mun ƙirga.

Allah ya maimaita mana. Wassalamu alaikum.